Barewar Bilyaminu

Bilyaminu ya hana Madam Deborah fesa turare, ya hana ta tari, har takalminta mai ƙwas-ƙwas sai da ya sa ta cire ta riƙe a hannu. Sannan ya durƙusar da ita a bayan zanan da ya kafa kusa da kwarmin ruwa, ya ɗora yatsa a baki.

Ita aka turo daga hedikwata ta duba gandun namun dajin da yake shugabanta a bayan Wara. Gandu dai a suna: ƙaya, marmara, da sabarar da rana ta gasa, ga tafkin Kainji can nesa yana ƙyalli kamar mai yi musu gwalo. Tun gobarar da ta lashe dajin namun suka watse. Manoman albasa sun daɗe suna haɗiyar yawu a kan filin, hedikwata kuma ta faɗa ba ɓoye-ɓoye: in Madam ba ta ga naman daji da idonta ba, za a rufe gandun, a sallami shugabansa.

Naman dajin kuwa guda ɗaya ne tak, wata barewa da ta ɓullo bayan gobarar, daidai lokacin da aka fara zancen rufewa.

Bilyaminu ya san ta ciki da waje, ko da yake bai taɓa yarda ya kusance ta ba, don kada ta saba da mutane. Komai nata yana da bayani a bakinsa. Zoben da gashi ya zube a wuyanta, tabon tarkon mafarauta ne. Ƙibar da take yi a tsakiyar rani, alhali ciyawa ta zama toka, shaidar iya aikinsa ce. Rashin fitowarta ranar kasuwar Wara kuma, ai ƙarar injinan jiragen ruwa ce ke firgita ta. Wannan bayanin na ƙarshe ya fi alfahari da shi, don shi ya gano shi da kansa.

Sai ga Madam ta sauya rana ba sanarwa, ta diro ranar kasuwar Wara.

Juma'ar da ta wuce ma sai da ya kai kukansa wajen mahaifiyarsa, Inna Tabawa, a ƙauyen da ke bayan dutse, bakin iyakar gandun. Juma'a da rana kaɗai yake leƙa ta, kuma ba ya zuwa sai da buhun dusa a bayan babur, don akuyarta guda ɗaya. Akuyar nan ta isa abin kallo: tana cin dusar saniya, amma haƙarƙarinta a waje. Ya sha ce wa Inna ta sayar da ita ta huta, ta sha ce masa ya bar mata dabbarta.

“Kwantar da hankalinka, ɗana,” in ji ta ran nan. “Aikinka na nan, ba ya zuwa ko'ina.”

Ya ce amin, amma a ransa ya ji haushi. Me tsohuwa ta sani game da gwamnati?

Yanzu ga shi rana ta take, inuwar zanan ta gudu ta bar su. Ba abin da ya zo kwarmin sai kurciya da wani ƙadangare mai jan kai, wanda ya tsaya yana gyaɗa musu kai kamar ya san zancen.

“Malam Bilyaminu,” Madam ta yi raɗa, “kada ka ce mini wannan ne.”

Ya yi murmushin yaƙe. Ya je ya yi azahar can nesa a bayan wata aduwa, ya daɗe a sujada. Ya dawo, shiru. Tsoro ya kama shi sosai. Ya hango kansa a bakin kasuwa yana ɗaure buhunan albasar da aka noma a gandunsa, mutane na wucewa suna ce masa ranka ya daɗe don tsiya.

La'asar ta yi sanyi. Madam ta karkaɗe zanenta, ta sa takalmi ƙafa ɗaya.

Sai ga barewar daga wajen dutse. Ba sanɗa, ba waiwaye, tafe take da sassarfa kamar ma'aikaciyar da ta makara. Ta sha ruwa, ta ɗaga kai, hasken yamma ya kwanta a jan gashinta. Madam ta manta da ɗayan takalmin, ta shiga ɗaukar hoto. Barewar ta dube su, har ta tako wajen zanan tana kaɗa wutsiya.

“Ba ta san mutum ba ne,” Bilyaminu ya raɗa, idonsa cike da ƙwalla. “Shi ya sa.”

Kafin ta shiga mota Madam ta ce gandun zai zauna, kuma duk ƙasar nan ba ta ga wanda ya san dabbarsa kamarsa ba.

Murna ba ta bar shi ya jira Juma'a ba. Ya buga babur ya zagaya dutsen, ya isa gidan Inna gab da magariba, ya faɗa da sallama yana haki. Kwandon kasuwarta na yashe a tsakar gida, ko kwance shi ba a yi ba. A bayan rumbu ya same ta. Akuyar na ɗaure can gefe tana kallo da idon baƙin ciki. Barewar gandu kuwa ta tsoma kai cikin kwanon dusa, Inna na zura mata igiya daidai kan tabon tarkon mafarauta.

Inna ba ta ko waiwayo ba. “Can kasuwa na ji an ce motar gwamnati ta wuce, na baro cinikina na sheƙo. Kai ma da ka hwaɗa mini yau na baƙuwar ka zuwa, ai da tun da sahe na kwance ta.”