Sandunan Fatsa Talatin

"Iza wutar, Zaituna!" Abdulwahid ya ce wa matarsa, yana karya sanda ta talatin a gwiwa.

Shekara tara yana sassaƙa sandunan fatsa, ya gasa, ya shafe da man kaɗe har su yi sheƙi. Amma tun da sojojin haya suka kawo hari Kwatano, duk dogon abin da aka naɗe a tabarma bindiga ne a idon hukuma. Jiya aka tafi da maƙwabcinsa. Yau ga sojoji a unguwarsu ta Zango suna tambayar gidan masassaƙi.

Yana jefa sandar a murhu aka buga ƙofa.

Wani saje ya shigo da fara'a. "Sannu, kamarad! Kumandanmu ya ga sandarka a kasuwar Dantokpa. Duk sandunan yake so, za a nuna wa baƙi aikin hannun talaka. Wanda ya ɓoye kuwa, maƙiyin juyin juya hali ne. Ina suke?"

Abdulwahid ya dubi murhu. Zaituna ta dubi tukunyarta.

"Ranka ya daɗe, zauna ka ci tuwo," ta ce. "Su suka dafa shi."