Ranar da Aka Karɓe Wuƙar Baba

Tun kafin a haife ni Baba yake fitowa a boka, a talabijin da kaset. A gida kuwa ko ƙadangare tsoro yake ba shi. Ni ce mai baki. Na sha gaya wa 'yan ajinmu a Kabo cewa aljanu bakwai ke kwana a jakarsa, har da gurgu mai shan shayi. Su sha dariya, su kai labarin gida.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka yi suna a gidan ƙanensa, Baba Sale. Baba ne mai yanka ragon suna a danginmu. Ina riƙe masa buta, ya naɗe hannun riga, sai Baba Sale ya tare shi.

"Yaya, bari liman ya yanka. Mutane sun ce ba sa cin yankan boka."

"Sale, wasa ne fa. Ni na koya maka alwala."

"Na sani, Yaya. Amma 'yarka ce ke faɗa da bakinta."

Baba bai dube ni ba, ya miƙa wuƙar. Har ya rasu bai ƙara yanka ko kaza ba, kuma bai taɓa yi mini faɗa ba. Da ma ya zane ni ranar.