Agogon Uba da Agogon Waya

Tunda ka ce kana so ka sayi tsohon agogo daga ƙasar waje, zauna ka ji abin da ya sami wani tela. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa agogon hannu, irin na dā wanda ake wanawa da yatsa, fuskarsa ta yi ja-ja saboda tsufa. Telan ya adana shi a akwati shekara da shekaru, ko wana shi ba ya yi. Yana da ƙane a wani gari, wanda duk zuwan da zai yi sai ya ce, "Yaya, agogon nan na Baba fa?" Telan ba ya so ya ba shi, ba ya kuma so ya ce a'a. Da roƙon ya ishe shi sai wata dabara ta faɗo masa: ya sayo wani irinsa sak, ya miƙa wa ƙanen a matsayin na Baba, shi kuma ya riƙe na gasken.

Ya shiga intanet a wayarsa, nan kansa ya ɗaure. Masu sayarwa ba iyaka, kowa a can bayan teku, kowa yana rantsuwa nasa ne na asali. Wani mai sharhi ya ce a duba lamba a bayan agogo, wani ya ce ai lambar ce aka fi saurin kwaikwayo. Wani ya ce wanda ya yi tsabta da yawa jabu ne, wani ya ce masu jabu har a ruwan shayi suke jiƙa fuskar don ta yi kama da tsohuwa. Telan da ya saba shafa yadi ya san kuɗinsa, yau ga shi yana jan hoto da yatsa biyu har rubutun ya watse, bai ga komai ba. In ya aika tambaya, amsa ta zo da wani irin Turanci mai karyayyar ƙafa. Wata uku yana cikin haka, ɗinkin mutane yana jiransa. A ƙarshe ya runtse ido ya zaɓi na wani tsoho da ya ce na kakansa ne.

Ranar da kwalin ya iso, ya ajiye agogunan biyu a kan teburin ɗinki, sai ka ce tagwaye. Ya kwance maɗaurin kowanne, don ya ɗaura wa baƙon tsohuwar fatar Baba. Yana cikin haka wata mata ta shigo da atamfa ta baza a kan teburin. Da ya ɗaga atamfar zai auna, agogunan biyu suka gangara cikin ƙyallaye. Ya tsince su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya tsaya yana kallonsu. Wanne ne wanne? Ya juya su, ya shinshina, ya kara a kunne, kowanne yana ta ƙyas-ƙyas abinsa. Sai ya wana su duka ya bar su kwana uku. Ɗaya ya riƙe lokaci daidai, ɗayan kullum yana baya da minti bakwai. Telan ya ce a ransa, Baba bai taɓa makara sallah ba, bai taɓa sa wani jira ba, agogon mutum irin wannan ba zai yi lalaci ba. Ya ɗaura wa mai lattin tsohuwar fata ya aika wa ƙanensa, ya saya wa mai kyan sabuwa ya ɗaura a hannunsa.

Bayan sati biyu ya bi ta kasuwa wurin tsohon mai gyaran agogo, abokin mahaifinsa, don a sa masa mai. Tsohon ya maƙala gilashinsa a ido, ya buɗe bayan agogon, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ɗana, wannan na asali ne, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa canja masa ba. Amma ba na mahaifinka ba ne." Ya gaya masa cewa na mahaifin shekara talatin shi yake gyara shi, duk abin da ya lalace ya ciro daga wani mataccen agogo ya sa, har ba abin da ya rage na kamfani sai kwanon da fuskar. A cikin murfin wancan kuma akwai alamarsa da ya karta da allura, wannan kuwa babu. Ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Ai agogon nasa latti yake yi. Kullum da safe mahaifinka sai ya saita shi da rediyo, shi ya sa ba ka taɓa ganin ya makara ba."

Telan ya koma shago da agogo mai tsada, mai gaskiya, na kakan wani. Bai gama zama ba wayarsa ta yi ƙara. Ƙanensa ne, yana cewa, "Yaya, Allah ya saka da alheri. Ka san har yanzu minti bakwai ɗin nan yana nan? Da safe ina saita shi sai na ji kamar Baba ne a tsakar gida." Telan ya dubi hannunsa, agogon yana tafiya daidai, ko daƙiƙa bai rage ba. Ya ce, "Amin, ka riƙe shi da kyau."

To, ka je ka duba lambobinka da hotunanka, amma ka fara sanin abin da kake nema. Masu iya magana sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.