Sanarwar Rasuwar Malam Tanimu

Ranar sadakar uku, Hajiya Kande ta bar masu gaisuwa a tsakar gida, ta nufi gidan Rediyon Ganuwa ranta a ɓace. Shekara arba'in mijinta, Malam Tanimu, yana karanta sanarwar rasuwa a can, kafin su zuba muryarsa cikin na'ura su sallame shi.

"Da muryarsa kuka sanar da mutuwarsa," ta ce wa manajan. "Ko numfashi ba a ja ba aka shiga tallar sabulu. Mutumin da bai taɓa ambatar mamaci bai tsaya ya yi masa addu'a ba."

"Hajiya, muryar da jama'a suka saba da ita ke nan."

Tana juyawa za ta fita, na'urar karɓar sanarwa da ke bakin ƙofa ta gaishe ta da muryar Malam, ta tambaye ta sunan wanda ya rasu.