Wanda Ya Fara Sayar da Gona

Hafiza ce ta fara ba ni wannan labari, ran kasuwar Gangara, a tsaye, ko ruwa ta ƙi sha. Ɗakinsu ɗaya da Nazira a babbar lakol, makarantar koyon noma, wadda wasu masu hali suka gina a birni.

Ta ce sai da Nazira ta yi kwana tara ba ta shiga aji ba, kuma saboda ita ba wanda ya shiga. Ita ce shugabar ɗalibai. Sun gano lakol ɗin ta zuba kuɗinsu na karatu a wani kamfani mai sayen gonaki a gefen Gangara. Yana tumɓuke gambar kan iyaka, yana sare gawo, yana kewaye fili da waya har ya toshe burtalin shanu. Lakol ɗin da ke koya musu kar a sare itace!

Abin ya fi ci mata rai don garinsu ne. A can kakarta ta rene ta. Tsohuwar ce ta biya mata lakol, ta ce mata awakinta ta sayar, ita ce kuma ke aiko mata wake duk bayan girbi, sai bara da bana da ta ce ƙasa ta gaji.

Nazira ta kasa zama wuri ɗaya. Daga bakin ƙofa zuwa gindin itacen bedi, daga bedi zuwa buro, ofishin darakta, har muryarta ta dishe. Buƙatu biyu suka rubuta a kwali: lakol ta janye hannunta daga kamfanin, darakta Tahiru ya sauka. Ita ta ƙara ta uku. Manoman Gangara sun yi shekara suna ƙin kamfanin nan baki ɗaya, sai mutum guda ya sayar a ɓoye. Gonarsa kuwa a tsakiya take, aka kafa waya, sauran suka rasa hanya, su ma suka sayar. Nazira ta rantse a gaban kowa sai ta kira sunansa a tsakiyar kasuwa.

Rana ta goma darakta ya kira ta. Ta shiga da Hafiza don shaida.

"Ɗiyata, zauna."

"A tsaye na zo, Mushe," in ji ta, yadda ɗalibai ke kiran malamansu.

"Biyun farko ba a hannuna suke ba, na masu lakol ne. Ta ukun ga ta. Na rufe sunan, ni ba na tona asirin talaka. Duba. In kin ce in buɗe, yanzu in buɗe."

Takardar saye ce guda ɗaya, ta shekara biyu baya. Ya liƙa ƙyallen takarda a kan sunan. Babu sa hannu, sai dangwalen babban yatsa da shuɗin tawada, wani farin layi ya raba shi biyu a karkace.

Nazira ta daɗe tana kallo. A waje ana ta kiran sunanta, ana buga jarkoki.

"In buɗe?"

"Bar shi, Mushe."

Tana fitowa mataimakinta Gado ya tare ta. "Shugaba, wane ne?"

Ta ratsa ta gefensa za ta wuce.

"To nawa ya ba ki?"

Ta ci gaba da tafiya. Wani ya yi ihu an saye ta, sauran suka ɗauka. Kafin la'asar rabinsu sun koma aji, rabi sun yage hotonta daga bango. Yarinyar da ba ta taɓa tsoron kowa ba ta kulle kanta a ɗaki, kwana uku ko fura ba ta shanye ba, waya na ƙara tana kifa ta.

"Iya, ni ma ina wurin," in ji Hafiza, tana murɗa bakin mayafi. "Wallahi bai ba ta komai ba. Na ga takardar da idona, ba komai ciki sai yatsa."

Na tattara kayana na bar kasuwa tun ba ta watse ba.

Washegari da safe na hau kabu-kabu zuwa Gazawa, na shiga motar birni, na tsaya a ƙofar lakol sai da yaran suka taru, sannan na ɗaga musu babban yatsana na dama, mai tsohon yankan lauje, na ce su rabu da jikata, ga wanda suke nema.