Farin Ƙyallen Gwaggo Hajo

Gwaggo Hajo, yayar babana, ta fi kowa jiki a unguwarmu ta Dumega. Wata la'asar cikin bazara, ana bikin suna a maƙwabta, ta kira ni makewayi. Ta gama wanka da sabulun salo, tana zaune bisa kifaffen turmi. Zana ta kewaye mu, ko iska ba ta shiga.

Ta miƙo mini wani farin ƙyalle mai ƙanshin lemun tsami.

"Taho, ɗiyata. Ɗaga naman bayan nan ki tsane mini, hannuna bai kaiwa."

Na ce, "Gwaggo, ki zuba turare mana mu tafi. An fara rabon fura!"

"Turare bisa jiƙaƙƙen jiki? So kike mata su riƙa matsawa in na zauna? Mai jiki, ba wanka ne tsabtarta ba, tsanewa ce."

Na goge gefe ɗaya, sai kiɗan ƙwarya ya tashi. Na rataya ƙyallen a zana, na ce ina zuwa. Da na waiga, tana nan hannuwa a ɗage, gumi ya fara dawo mata. Ba ta je bikin ba.

Yau jikinta ne na gada. Ina da nawa ƙyallen da lemun tsami, hannuna kuma ba ya kaiwa. Ɗazu na kira jikata, ta ce tana zuwa. Allah ya jiƙan ki, Gwaggo, ga ni bisa turmi.