Mikiyar Bayan Mota

Ruwan zafi ya riga ya tafasa lokacin da yaron ya shigo gareji da motar. Yaro dai a bakin uban, amma gemunsa ya cika, shekararsa shida yana jan tasi.

"Baba, mikiyar nan ta ishe ni. A cire ta kawai."

Uban tsoho ne mai fenti. Ya dubi sitikar da ta baje fukafukai a murfin bayan motar, ya ɗauko buta.

Tun safe maganar ke yawo a layin makanikai. Wata mota mai mikiya a baya ta kwashe wata mata a mahaɗar hanya, direban bai ko waiwaya ba. 'Yan sanda na bi gareji gareji.

Yaron ya zaro reza daga aljihu. Uban ya buge masa hannu, rezar ta faɗi.

"Ka kankare fenti, makaho ma ya san an cire wani abu."

Ya jiƙa tsumma da ruwan zafi, ya ɗora a kan fiffike, ya jira danƙon ya saki. Sannan ya sa farce ya ɗaga gefe, yana ja a kwance, kaɗan kaɗan. Sitikar ta tsage, ya sake jiƙawa. A hannun rigarsa akwai wani jan tabo da ya bushe, irin wanda ba a rasa mai fenti da shi.

Yaron sai kai da komo yake yana leƙen titi. Mai walda na maƙwabta ya leƙo.

"A'a, ɗan gidan tsoho, yau tsuntsuwar taka za a fige?"

Yaron ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

Da mikiyar ta fita, tsoho ya goge danƙon da kananzir. Sai ga siffarta raɗau a jikin motar, domin fentin da ke ƙarƙashi bai sha rana ba. Yaron ya dafe kai.

"Baba, ai ga ta nan har yanzu!"

Tsoho ya lakato man goge fenti, ya durƙusa. Ya yi ta murza tsohon fentin da ke kewaye, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har launin ya zama ɗaya. Ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa.

Yaron ya sauke ajiyar zuciya. Ya rage murya.

"Baba... wallahi ban gan ta ba. Ban ma san ko wace ce ba. Na gode da ka rufa min asiri."

Tsoho ya jefa tsumman cikin bokiti, bai dube shi ba.

"Da don ta ni ce, da kaina zan kai ka wurin 'yan sanda. Uwarka ce ka kwashe, ita ta riƙe min hannu ta ce in cire mikiyar, kafin su shiga da ita ɗakin tiyata."